TARIHI: Muhammad al-Katsinawi, masanin lissafin da Katsina ta haifa, Alƙahira ta binne

A shekarar 1741 wani malami Bafulatani daga ƙasar Katsina ya rasu a birnin Alƙahira, a gidan Hasan al-Jabarti, mahaifin shahararren marubucin tarihin Masar, Abdurrahman al-Jabarti. Sunansa Muhammad bin Muhammad al-Fulani, Larabawa kuma suka san shi da al-Kishnawi, wato Bakatsine.

Ya yi karatu a ƙasar Hausa da yankin Barno, cikin malamansa har da Muhammad Alwali na Bagirmi. Daga nan ya tafi aikin Hajji, ya kuma yada zango a Masar. Ya yi rubutu kan nahawu da manɗiƙi da ilimin taurari, amma aikin da ya ɗaukaka sunansa shi ne littafin Bahjat al-Afaq, wanda ya rubuta a wajajen 1732 kan ilimin hatimi.

Hatimi murabba'i ne mai gidaje, inda ake jera lambobi ta yadda jimillar kowane layi, a tsaye ko a kwance ko a karkace, za ta zama ɗaya. Mai gida tara yana ba da 15, mai gida 25 yana ba da 65. Al-Katsinawi ya bayyana ƙa'idojin gina hatimin da yawan gidajen gefensa mara ne: inda za a ajiye lamba ta farko, yadda za a tsallaka gida biyu gaba da ɗaya gefe, da yadda wanda ya fita ta wannan baki zai shigo ta wancan. Duk wanda ya bi matakan zai isa ga amsa, ko da bai fahimci dalilinsu ba. Irin wannan jerin umarni ne masu rubuta manhajar kwamfuta ke tsarawa a yau.

A wurinsa lissafin yana haɗe da ilimin asirai. Haka hatimi ya wanzu a allunan malaman zaure, daga Katsina har Zagga da Bagudo a kan iyakar Benin, ana zana shi don neman tsari, ƙa'idarsa kuwa ba kowa ya riƙe ta ba.

Kwafin littafin yana ajiye a Landan, kuma Claudia Zaslavsky ta yi bayaninsa a littafinta Africa Counts a 1973. A gida kuwa, ɗalibi na iya kammala sakandare a Katsina bai taɓa jin sunansa a ajin lissafi ba.