Lamine Senghor: Tsohon sojan da ciwon yaƙi ya bi har kabari

A yau filin namu zai kawo muku tarihin marigayi Lamine Senghor, wani tsohon sojan Faransa ɗan ƙasar Senegal, wanda ya fito daga yaƙin duniya na farko da ransa, amma ciwon da ya ɗauko a fagen fama ya ci gaba da cin sa har ya kai shi kabari, shekaru 9 bayan an ajiye makamai. Mun zaɓo shi ne saboda labarinsa ya shafe mu, mu mutanen Zongon Paraku da na Jugu. Irin jar hular da ya sa, ita ce kakannin mutane da yawa na wannan yanki suka sa, kuma kukan da ya yi a kan haƙƙin tsofaffin sojoji, sai bayan shekaru fiye da 80 aka share shi.

Haihuwarsa da shigarsa soja

An haifi Lamine Senghor a ranar 15 ga Satumba, 1889 a garin Joal da ke bakin teku a ƙasar Senegal. Kada mai karatu ya rikita shi da Leopold Sedar Senghor, shugaban Senegal na farko, wanda shi ma a Joal aka haife shi amma a 1906.

An ɗauki Lamine soja a 1915, a cikin rundunar baƙar fata da Faransawa suka kafa tun 1857, wadda suke kira Tirayer na Senegal. Sunan dai na Senegal ne, amma mutanen cikinta daga ko'ina ake kwaso su: Sudan ta Faransa wadda yau ake kira Mali, da Gini, da Kodebuwa, da Nijar, da kuma nan Dahome. Yadda ake yi shi ne, a yanka wa kowane sarki da hakimi adadin samarin da zai kawo, shi kuma sau da yawa sai ya nemi 'ya'yan talakawa da bayi da baƙin da ba su da mai tsaya musu. Wannan ya sa samari da dama suka riƙa ƙetare iyaka suna shiga ƙasashen da ke hannun Ingilishi. A nan arewacin Dahome kuwa har jini ya zuba, domin kamun soja da aikin tilas da haraji suna cikin abubuwan da suka sa Bio Gera ya ɗaga takobi a ƙasar Bargu, har aka kashe shi a watan Disamba na 1916, haka kuma Kaba ya yi nasa boren a duwatsun Atakora har zuwa 1917.

Abin da ya tarar a fagen fama

Da aka kai su Faransa, Lamine ya halarci gumurzun Somme a 1916. A watan Afrilu na 1917 kuma yana cikin waɗanda aka tura wani tudu da ake kira Chemin des Dames, inda aka jera sojojin Afirka a gaba cikin ruwan sama da ƙanƙara. Sanyi ya sandare wa wasu hannaye har ba sa iya sarrafa bindiga, kuma dubbai daga cikinsu suka mutu ko suka jikkata cikin 'yan kwanaki.

Daga baya a cikin wannan shekarar, a yankin Verdun, Lamine ya shaƙi iskar gubar da Jamusawa ke harbawa. Ita wannan guba tana ƙona fata da idanu, sannan ta ƙona cikin huhu, ta yadda ko mutum ya tsira, zai zauna da tari da sarƙewar numfashi, kuma jikinsa ya zama ba ya iya kare kansa daga tarin fuka. A wancan zamani kuwa babu maganin tarin fuka, domin sai a shekarun 1940 aka samo allurar farko da ke kashe ƙwayar cutar. Lamine ya gama yaƙi da muƙamin saja da lambar yabo ta jarumta, amma huhunsa ya riga ya lalace.

An ƙiyasta cewa kimanin baƙar fata 200,000 ne Faransa ta ɗauka a wannan yaƙi, kuma kusan 30,000 daga cikinsu suka mutu. Sai dai wannan lissafi bai haɗa da irin su Lamine ba, waɗanda aka sallama da rai suka je gida suna mutuwa a hankali.

Zamansa a Paris da shari'ar da ta fito da shi

Bayan an sallame shi a 1919 ya koma Senegal, daga bisani kuma ya sake komawa Faransa, inda ya samu aiki a gidan waya a birnin Paris, ya kuma auri wata Bafaransa mai suna Eugénie Comont. A wannan lokaci ba a san shi ba, ma'aikaci ne kawai mai neman abin da zai ciyar da iyalinsa, ga kuma ciwon ƙirji.

Wani ɗan Dahome ne sanadin fitowarsa fili. A 1924 Kojo Tovalou Houénou, wanda shi ma ya yi wa Faransa aiki a yaƙin, ya kafa wata jarida a Paris mai suna Les Continents. Jaridar ta buga wani rubutu da ke zargin Blaise Diagne da karɓar lada a kan kowane sojan da ya kawo. Shi Diagne shi ne baƙar fatar Afirka na farko da ya shiga majalisar dokokin Faransa a 1914, kuma shi gwamnati ta turo Afirka a 1918, inda ya tara sojoji kimanin 63,000 a Afirka ta yamma kaɗai, bisa alkawuran sassaucin haraji da kula da iyali da kuma samun takardar zama ɗan ƙasa ga wasu.

Diagne ya kai ƙara, aka zauna shari'a a watan Nuwamba na 1924, sai ga Lamine ya tsaya a matsayin shaidar jaridar, ya bayyana wa kotu abin da idonsa ya gani a fagen fama. Diagne ne ya yi nasara, jaridar ma ta durƙushe ba da jimawa ba. Amma daga wannan rana sunan Lamine ya fita, kuma 'yan sandan ciki suka sa masa ido har ƙarshen rayuwarsa.

Gwagwarmayarsa

Lamine ya shiga ƙungiyar 'yan ƙasashen da ake wa mulkin mallaka, wadda ke da alaƙa da jam'iyyar kwaminis ta Faransa, ya yi rubuce-rubuce a jaridarta, ya kuma fito fili ya soki yaƙin da Faransa ta yi da Abdulkarim na ƙasar Maroko a 1925. Da ya lura jam'iyyar ba ta ɗauki matsalar baƙar fata da muhimmanci ba, sai a 1926 ya kafa kwamitin kare haƙƙin baƙar fata. Duk da tarin da ke damun sa, ya zaga biranen tashar jiragen ruwa irin su Marsey da Bordo da Le Havre, yana zama da ma'aikatan jirgi da 'yan dako da tsofaffin sojoji, har ɗaruruwa suka shiga. A farkon 1927 suka fitar da jaridarsu mai suna La Voix des Nègres, wato muryar baƙar fata.

A watan Fabrairu na 1927 aka yi babban taron adawa da mulkin mallaka a birnin Burusel na ƙasar Beljiyam, wanda ya haɗa mutane irin su Nehru na Indiya da Muhammad Hatta na Indunusiya da Messali Hadj na Aljeriya. A nan Lamine ya yi jawabin da ya fi shahara da shi. Kamar yadda ɗan kasuwa ke baje lissafi, haka ya baje musu na fansho: sojan Faransa mai ɗa ɗaya da ya nakasa kashi 90 cikin 100 yana karɓar faran 6,888 a shekara, alhali baƙar fata mai ɗa ɗaya da irin wannan nakasar yana karɓar faran 1,620. Rami ɗaya suka kwanta, harsashi ɗaya ya same su, amma wajen biya aka ce jinin wani ya fi na wani ninki huɗu. Kura da shan bugu ke nan, gardi da karɓar kuɗi.

Rasuwarsa

Bayan ya dawo daga taron ne hukuma ta kama shi a watan Maris, ta tsare shi na ɗan lokaci a gidan kurkukun Draguignan. Da aka sake shi, ya tarar kwamitinsa ya dare gida biyu, sai shi da Garan Kuyate ɗan ƙasar Mali suka kafa sabuwar ƙungiya da sabuwar jarida. A wannan shekarar ce kuma ya wallafa ɗan littafinsa, La Violation d'un pays, a kan yadda aka ƙwace ƙasar baƙar fata.

Amma jiki ya riga ya gaza. Ya tare a kudancin Faransa inda sanyi ke da sauƙi. Lamine Senghor ya rasu a ranar 25 ga Nuwamba, 1927 yana da shekaru 38, a garin Firejus, wato garin da ake ajiye sojojin Afirka a lokacin sanyi kafin a mayar da su bakin daga.

Abin da ya biyo baya

Bambancin da ya nuna bai mutu da shi ba. A ranar 1 ga Disamba, 1944, a barikin Thiaroye kusa da Dakar, sojojin Faransa suka buɗe wuta a kan sojojin Afirka da suka dawo daga hannun Jamusawa suna neman kuɗinsu, kuma sai a 2024 shugaban Faransa ya amince cewa kisan kiyashi ne. A watan Disamba na 1959 kuma, ana dab da ba mu 'yanci, Faransa ta yi dokar da ta daskarar da fanshon tsofaffin sojojin ƙasashen da ta mallaka. Kayan masarufi suna hawa, kuɗin yana nan inda yake, kuma abin ya fi yi wa matan da mazajensu suka rasu da marayu nauyi.

Sai a 2001 babbar kotun Faransa ta yanke cewa wannan wariya ce, a shari'ar wani tsohon soja ɗan Senegal mai suna Amadou Diop, wanda shi kansa ya rasu kafin hukuncin. An daidaita wani sashe na kuɗin a 2007, sauran kuma a 2011, lokacin da mafi yawan masu haƙƙin sun riga mu gidan gaskiya. Shi ma Abdoulaye Ndiaye, wanda aka sani a matsayin na ƙarshe cikin sojojin yaƙin farko na wannan runduna, ya rasu ne a 1998, ana gobe za a maƙala masa babbar lambar girmamawa ta Faransa.

Don haka muke kira ga duk gidan da ke da littafin soja ko lambar yabo ko hoton wani kaka a ƙasan akwati, da a adana su, a kuma gaya wa yara sunan mai su da inda ya je da yadda ya dawo. Idan kuma akwai gyatumar da ta yi jinyar irin wannan tsoho tana raye a unguwa, a zauna da ita a ji daga bakinta, domin ita ce ta san abin da yaƙin ya ci a cikin gida.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya kuma ba ƙasashenmu zaman lafiya. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.