William Dean Howells: Marubucin da Ya Auna Dukiya da Mutunci

Gabatarwa

A tarihin adabin Amurka akwai wani zamani da ya faro daga ƙarshen yaƙin basasar ƙasar a 1865, ya kai farkon ƙarni na 20, wanda a cikinsa marubuta ƙagaggun labarai suka juya wa labaran jarumai da na al'ajabi baya, suka koma ga bayyana rayuwar mutane kamar yadda take a kasuwa da ofis da cikin gida. Wannan hanya ita ce manazarta ke kira rubutun zahiri, kuma jagoranta a ƙasar shi ne William Dean Howells. Abin da ya sa tarihinsa ya cancanci nazari shi ne, ya rubuta labarin wani attajiri da ya gwammace ya karye da ya cuci mutane, sa'an nan bayan shekara 2 kacal aka ɗora shi kansa marubucin a kan irin wannan ma'auni.

Haihuwarsa da Tashinsa

An haifi Howells ranar 1 ga watan Maris, 1837, a wani ƙaramin gari da yanzu ake kira Martins Ferry, cikin jihar Ohio. Shi ne na biyu a cikin 'ya'ya 8. Mahaifinsa mai maɗaba'a ne kuma editan ƙananan jaridu, mutum ne mai ƙyamar cinikin bayi, wanda sana'ar ba ta taɓa tara masa abin hannu ba, sai ƙaura daga wannan gari zuwa wancan. Saboda haka yaron bai daɗe a makaranta ba. Tun yana ƙarami ya shiga jera haruffa a maɗaba'ar mahaifinsa, da dare kuma ya duƙufa a kan karatu, har ya koya wa kansa Jamusanci da Sifaniyanci.

A 1858 ya sami aiki a wata jarida a birnin Columbus. A 1860 aka ba shi aikin rubuta tarihin Abraham Lincoln, wanda a lokacin yake takarar shugabancin ƙasa. Da Lincoln ya ci zaɓe sai aka naɗa Howells ƙaramin jakada a birnin Venice na Italiya a 1861, yana ɗan shekara 24. A can ya zauna har yaƙin basasa ya ƙare. A 1862 ya auri Elinor Mead a birnin Faris.

Zamansa a Boston

A 1866 Howells ya zama mataimakin editan mujallar Atlantic Monthly da ke Boston, daga 1871 zuwa 1881 kuma ya riƙe kujerar editan. A wancan zamani Boston ce cibiyar ilimi da adabin Amurka, kuma garin yana hannun wasu tsofaffin gidaje ne da suka gaji dukiya da suna tun kaka da kakanni. Howells kuwa, a ma'aunin Bahaushe, shigege ne a tsakiyar 'yan gado. Sun karɓe shi, sun girmama basirarsa, amma bai manta daga inda ya fito ba. Wannan zama na baƙo a cikin manya shi ya buɗe masa ido ga yadda ake auna mutum da lafazinsa da suturarsa da yadda yake riƙe cokali. Daga wannan kujera kuma ya tallafa wa abokansa biyu, watau Mark Twain da Henry James, waɗanda daga baya sunansu ya rufe nasa.

Labarin Silas Lapham

A 1885 ya fitar da littafinsa mafi shahara, The Rise of Silas Lapham, watau ɗaukakar Silas Lapham. Tauraron labarin ɗan manomi ne daga jihar Vermont, wanda aka sami ma'adinin fenti a gonar mahaifinsa, ya kafa masana'anta, ya kuɗance, ya koma Boston da matarsa Persis da 'ya'yansa mata biyu. Burinsa shi ne masu asali su ɗauke shi nasu. Don haka ya fara gina ƙasaitaccen gida a unguwarsu, ya kuma yi murna da ɗan gidan Corey, ɗaya daga cikin tsofaffin gidajen, ya zo neman aiki wurinsa. Amma ranar da aka gayyace shi liyafa a wannan gida sai ya sha giyar da bai saba da ita ba, ya yi ta cika baki da dukiyarsa, ya kunyata kansa.

A bayan wannan arziki akwai wani tabo. Tun da farko Lapham ya ture abokin cinikinsa Rogers daga kamfanin, daidai lokacin da riba ta fara shigowa, kuma matarsa ba ta daina tuna masa wannan hakki ba. Garin neman wanke kansa ya ranta wa Rogers kuɗi masu yawa, suka nutse. Sabon gidan kuma ya ƙone bayan wa'adin inshorarsa ya ƙare. Ana cikin haka wata kafa ta samu: wasu wakilai daga Ingila suka nemi sayen wasu injunan niƙa da ya riƙe jingina, a kan farashi mai tsoka, alhali ya san kamfanin jirgin ƙasa ya riga ya kashe darajar wurin. Doka ba ta hana shi sayarwa ba, kuma waɗanda za su yi asarar suna can ƙetare, ba zai taɓa haɗa ido da su ba. Ya kwana yana kai da kawowa a ɗaki, bai amince ba, har damar ta wuce. Ya karye, ya koma gonar mahaifinsa.

Ke nan ɗaukakar da take cikin sunan littafin ta hali ce, kuma ta zo ne a ranar da dukiyar ta tafi. Ɗan kasuwar Dutsin-Ma ko na Kurfi da ya taɓa tsayawa da hajar da ya san tana da aibi, ga kuma mai saye baƙo da bai sani ba, ba ya bukatar a yi masa sharhin wannan dare.

Ranar Jarrabawa

Ranar 4 ga watan Mayu, 1886, ma'aikata masu neman a mai da aikin yini sa'a 8 suka yi taro a dandalin Haymarket da ke Chicago. Da 'yan sanda suka zo tarwatsa taron sai wani ya jefa bom, aka yi ta harbe-harbe, 'yan sanda 7 suka rasa rayukansu, haka ma wasu daga cikin jama'a. Aka gurfanar da mutum 8 masu aƙidar ƙin kowace irin hukuma, mafi yawansu 'yan asalin Jamus. Ba a tabbatar da cewa ɗayansu ne ya jefa bom ɗin ba, amma aka yanke wa 7 hukuncin kisa, bisa hujjar cewa maganganunsu da rubuce-rubucensu ne suka zuga wanda ya jefa.

A lokacin Howells yana kan ganiyarsa. Yana da kwantiragi mai tsoka da kamfanin ɗab'i na Harper, kuma masu sayen littattafansa su ne mutanen da suka fi kowa neman a rataye waɗannan fursunoni. Bai yarda da aƙidarsu ba, amma da ya bi diddigin shari'ar sai ya gamsu cewa ra'ayinsu aka hukunta. Ya nemi wasu manyan marubuta, cikinsu har da mawaƙi Whittier wanda ya yi suna wajen yaƙi da bauta, su sa baki, suka ƙi. Sai ya rubuta wasiƙa da sunansa shi kaɗai, jaridar New York Tribune ta buga a farkon watan Nuwamba, 1887, yana kira ga jama'a su roƙi gwamnan jihar Illinois ya yi sassauci. Jaridu suka yi masa ca. Ranar 11 ga watan aka rataye mutum 4, bayan ɗaya ya kashe kansa a kurkuku, an kuma mai da hukuncin 2 ɗaurin rai da rai. Sai a 1893 wani sabon gwamna, John Peter Altgeld, ya saki 3 da suka rage, ya kuma bayyana cewa ba a yi musu shari'ar adalci ba.

Wannan al'amari, da karatun littattafan Tolstoy na Rasha, da rasuwar 'yarsa Winifred a 1889, sun sauya alƙalaminsa. A littafinsa A Hazard of New Fortunes na 1890 ya kai labarin New York, inda ya haɗa wani attajirin iskar gas mai suna Dryfoos da wani tsohon soja matalauci mai ra'ayin gurguzu, labarin kuma ya kai ga yajin aikin da aka harbe ɗan attajirin a cikinsa.

Ƙarshen Rayuwarsa

Howells ya ci gaba da buɗe wa na baya ƙofa. Sharhin da ya yi a 1896 shi ya fito da sunan mawaƙin nan baƙar fata, Paul Laurence Dunbar, ko da yake Dunbar ya koka daga baya cewa yabon ya ɗaure shi ga waƙoƙin karin harshe kawai. A 1909 Howells yana cikin waɗanda suka sa hannu a kiran da ya haifar da ƙungiyar NAACP mai kare hakkin baƙaƙen fata. Duk da haka yana da nasa rauni, domin yana sukar tsarin jari-hujja alhali yana zaune cikin daular da tsarin ya ba shi, kuma shi da kansa ya amsa haka a wasiƙunsa. Ya rasu a New York ranar 11 ga watan Mayu, 1920, yana da shekara 83. Marubutan da suka biyo baya, irin su Sinclair Lewis, sun yi masa ba'ar cewa rubutunsa ya cika kunya da kawaici.

Kammalawa

Ga ɗalibin adabin Hausa, wannan jigo ba baƙo ba ne. A cikin littattafan gasar 1933, Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East shi ya fi kusa da zahiri, kuma tushen rikicinsa shi ne attajirin da ya yi amfani da dukiya ya raba saurayi da budurwarsa. Haka nan Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina ya tone asirin attajirin da ya yi arziki ta hanyar fasa-ƙwauri. A waɗannan littattafai mugun mai kuɗi ne ake nunawa da sakamakon da ya biyo shi. Howells kuwa ya ɗauki mai kuɗin da ba mugu ba ne, ba kuma waliyyi ba, ya tsayar da shi a inda doka ta yi shiru, domin a ga abin da zai yi. Wannan fili ne da mai nazarin kwatanta adabi zai sami abin yi a cikinsa, kuma tarihin marubucin ya nuna cewa da tambayar ta zo kansa a 1887, amsar da ya sa a bakin tauraronsa ita ya bayar.