Joe Louis: Zakaran Dambe a Cikin Kakin Soja

A daren 22 ga watan Yuni, 1938, mutane wajen dubu 70 suka cika filin wasa na Yankee da ke birnin New York, miliyoyi kuma suka kasa kunne ga rediyo a Amurka da Jamus. Mutum biyu ne za su kara a damben boksin: Bajamushe Max Schmeling, wanda gwamnatin Hitila take ta nunawa a matsayin shaidar fifikon farar fata, da kuma wani saurayi baƙar fata ɗan shekara 24, jikan bayi, mai suna Joe Louis. Damben bai wuce minti 2 da daƙiƙa 4 ba. Sau uku Schmeling yana faɗuwa, daga filin kuma aka wuce da shi asibiti. A wannan dare fararen Amurka da yawa suka yi murna da nasarar baƙar fata kamar ɗan'uwansu ne ya ci, abin da ba a saba gani ba. Amma da gari ya waye, da wannan zakara zai koma jihar da aka haife shi, ba za a bar shi ya ci abinci a tebur ɗaya da waɗanda suka yi masa tafi ba.

An haifi Joseph Louis Barrow ranar 13 ga Mayu, 1914, kusa da garin LaFayette a jihar Alabama, shi ne na bakwai cikin 'ya'ya takwas. Mahaifinsa, Munroe, manomin auduga ne wanda ba shi da gonar kansa, yana noma ƙasar wani a raba amfanin. Joe yana da shekara 2 aka kai mahaifin asibitin masu taɓin hankali, bai kuwa tashi ya san shi ba. Mahaifiyarsa, Lillie, mace ce mai ibada 'yar ikilisiyar Baftis, ita ta riƙe yaran har ta sake aure. A 1926 iyalin suka bi sahun dubban baƙaƙen fata masu gudun talauci da zaluncin kudu, suka koma Detroit, birnin masana'antun motoci. Joe yaro ne mai in'ina, ba ya son magana, karatu kuma bai yi nisa a ciki ba. Mahaifiyarsa takan ba shi 'yan kuɗi domin ya koyi kaɗa goge irin na Turawa, shi kuwa sai ya karkata da su zuwa gidan koyon dambe. Ya yi aikin ƙarfi a kamfanin Ford, ya ci gasar ƙasa ta masu damben sha'awa a 1934, a cikin wannan shekara kuma ya mai da dambe sana'a.

Sai dai akwai wata inuwa a gabansa. Jack Johnson, baƙar fata na farko da ya riƙe kambun duniya na ajin masu nauyi, daga 1908 zuwa 1915, mutum ne wanda ba ya sunkuyar da kai. Yakan yi wa abokan karawarsa dariya a fili, ya kuma auri fararen mata. Sa'ad da ya doke Jim Jeffries a 1910, tarzoma ta ɓarke a garuruwa da yawa, aka kashe mutane, yawancinsu baƙaƙe. Bayan ya rasa kambun, an yi fiye da shekara 20 ba a sake ba wani baƙar fata damar nemansa ba. Saboda haka masu kula da Louis, wato John Roxborough da Julian Black, da mai horar da shi Jack Blackburn, dukansu baƙaƙe, suka gindaya masa ƙa'idodi: kada a ɗauki hotonsa da farar mace, kada ya yi alfahari a kan wanda ya kayar, kada ya yi murmushin nasara a gaban jama'a. Shirun nan da aka san shi da shi, rabi halinsa ne, rabi kuwa dabara ce ta tsira.

A watan Yuni na 1935 ya doke ƙaton Italiya, Primo Carnera, a turmi na 6. A lokacin Musolini yana shirin mamaye Habasha, baƙaƙen Amurka kuwa suka ɗauki wannan nasara kamar an rama wa Habashawa tun kafin a taɓa su. Shekara guda bayan haka sai ya ci karo da Schmeling a karo na farko. Louis ya raina shi, ya ɓata lokacin atisaye yana wasan golf, shi kuwa Bajamushen ya lura cewa yaron yakan sauke hannunsa na hagu bayan ya kai naushi. A turmi na 12 aka ƙirga wa Louis goma yana ƙasa, aka yi ta shagali a Berlin. Ko da ya karɓi kambun duniya daga hannun James Braddock a Chicago ranar 22 ga Yuni, 1937, bai ɗauki kansa zakara ba sai da ya wanke wannan kunya a daren da muka fara da shi.

Ya kamata a yi wa Schmeling adalci. Bai taɓa shiga jam'iyyar Nazi ba, ya ƙi rabuwa da manajansa Bayahude, a watan Nuwamba na 1938 kuma, lokacin da ake farfasa gidaje da shagunan Yahudawa a Jamus, ya ɓoye yara biyu Yahudawa a ɗakinsa na otel a Berlin. Daga baya aka sa shi cikin sojojin laima, aka jefa shi a tsibirin Karita a 1941. Shi ma ƙasarsa ta yi amfani da sunansa, da ya faɗi kuma ta juya masa baya.

Ranar 7 ga Disamba, 1941, Japan ta kai hari a Pearl Harbor, Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Biyu. Rundunarta a rarrabe take bisa launin fata: bariki dabam, wurin cin abinci dabam, har jinin da mutane suke bayarwa domin waɗanda aka raunata ana ajiye na baƙi dabam da na fari. Rundunar ruwa ta fi tsanani, gama aikin da take ba baƙar fata shi ne hidimar abinci da wanke kwanuka. To, ita wannan runduna ce Louis ya yi wa dambe kyauta. Ranar 9 ga Janairu, 1942, ya sa kambunsa a kasada, ya doke Buddy Baer a turmi na farko, ya ba asusun taimakon iyalan sojojin ruwa abin da ya samu. Kashegari ya kai kansa aikin soja, a matsayin farabiti mai albashin dala 21 a wata. A watan Maris ya sake yin haka, ya doke Abe Simon, kuɗin kuma ya tafi asusun sojojin ƙasa.

Ba dukan baƙaƙe ne suka ji daɗin wannan ba. Wasu suka ce ina dalilin da mutum zai zubar da guminsa domin rundunar da ba ta ganin ɗan'uwansa ya isa ya riƙe bindiga. A daidai wannan lokaci jaridar baƙaƙe ta Pittsburgh Courier tana kiran a nemi nasara biyu, ɗaya a kan abokan gaba a waje, ɗaya a kan wariya a gida. Amsar Louis gajera ce, kamar yadda maganarsa take kullum: ya yarda cewa Amurka tana da laifuffuka da yawa, amma ba Hitila ne zai gyara su ba.

Ranar 10 ga Maris, 1942, aka tsayar da shi ya yi jawabi a wani taron tara kuɗi a Madison Square Garden. Abin da aka saba ji a bakin 'yan siyasa shi ne Allah yana gefenmu. Louis kuwa sai ya juya maganar, ya ce za su ci nasara domin su ne suke gefen Allah. Wasu suka zaci tuntuɓen harshe ne na mutumin da bai yi karatu ba. Ko ma dai mene ne, mai karanta Littafi Mai Tsarki zai tuna da Joshuwa a kusa da Yariko, da irin amsar da ya samu sa'ad da ya nemi sanin ko wane gefe mai takobin yake, zai kuma ga cewa ɗan damben ya fi masu jawabi kusa da gaskiya. Gwamnati dai ba ta ɓata lokaci ba, ta buga maganar a takardun talla tare da hotonsa riƙe da bindiga. Ya kuma fito a fim ɗin This Is the Army na 1943, wanda wani ɗan wasa mai suna Ronald Reagan yake cikin manyan taurarinsa.

Louis bai taɓa harba bindiga a fagen fama ba. Aikinsa shi ne ƙarfafa zuciyar mayaƙa, ya kuwa yi damben nuni sau 96 a gaban sojoji wajen miliyan 2, a barikokin Amurka, da Ingila, da Italiya. Abin da ba a buga a takardun talla ba shi ne abin da ya riƙa yi a bayan fage. A barikin Fort Riley da ke jihar Kansas ya tarar da samari baƙaƙe masu ilimi waɗanda aka ƙi karɓa a makarantar hafsoshi. Sai ya kai ƙara wurin abokinsa Truman Gibson, lauya mai aiki a ma'aikatar yaƙi, aka buɗe musu ƙofa. Ɗaya daga cikinsu shi ne Jackie Robinson, wanda a 1947 ya karya katangar wariya a babbar gasar wasan besbol. A 1944, a barikin Camp Sibert, a jiharsa ta Alabama, wani ɗan sandan soja ya umarce shi da abokinsa Sugar Ray Robinson su tashi daga bencin farare a tashar mota. Suka ƙi, aka kama su, sai da manya suka ga abin kunyar da zai biyo baya suka sake su. Zakaran duniya ke nan, sanye da kakin ƙasarsa, hotonsa yana manne a bangon ofisoshin gwamnati. Ya bar soja a watan Oktoba na 1945 da muƙamin saje da lambar girma ta Legion of Merit. Sai a 1948 Shugaba Truman ya sa hannu a dokar kawar da wariya a cikin rundunar.

Ya riƙe kambun daga 1937 zuwa 1949, ya kare shi sau 25, ba a kuwa sami wanda ya kai wannan a ajinsa ba har yau. Amma ya sauka da bashi a wuyansa. Wani ɓangare laifinsa ne, gama hannunsa a sake yake, ba ya iya hana mai roƙo, yana son caca a filin golf, rayuwar aurensa kuma ba abin koyi ba ce: sau biyu yana auren Marva Trotter, sau biyu suna rabuwa, neman matansa kuwa yana cikin dalilai. Wani ɓangaren kuwa zalunci ne tsagwaronsa. Hukumar haraji ta lissafta kuɗin damben nan biyu da ya bayar kyauta a matsayin abin da ya samu, ta ce ya biya haraji a kansu. Ruwa ya yi ta hawa a kan bashin har ya zarce dala miliyan 1. Da mahaifiyarsa ta rasu a 1953, ɗan abin da ta bar masa ma sai da aka karɓe.

Bashin ne ya komar da shi fage bayan ƙarfinsa ya ragu. Ezzard Charles ya doke shi a 1950, Rocky Marciano kuma ya fitar da shi ta tsakanin igiyoyi a turmi na 8 a watan Oktoba na 1951. Ya ƙare da nasara 66 a cikin dambe 69. Ya gwada kokawar nishaɗi, ya ji ciwo, ya bari.

A 1967, da Muhammad Ali ya ƙi zuwa yaƙin Biyetnam aka kuma ƙwace kambunsa, Louis bai goyi bayansa ba, Ali kuwa ya taɓa yi masa gorin cewa shi yaron Turawa ne. Samari da yawa na zamanin sun ɗauki shirun Louis a matsayin tsoro. A ganina sun manta cewa a 1937 ba a bar wa baƙar fata wata hanya ba, kuma bencin Camp Sibert ya riga zanga-zangarsu da shekaru da yawa. Daga baya mutanen biyu suka shirya, Ali ya riƙa girmama shi.

Ƙarshen rayuwarsa da nauyi. Ya faɗa shan hodar iblis, hankalinsa ya taɓu har aka kwantar da shi a asibiti a 1970. Da ya sami sauƙi, wani gidan caca a Las Vegas ya ɗauke shi aikin tarbar baƙi, yana gaisawa da su ana ɗaukar hoto. Schmeling, wanda ya yi arziki da kasuwancin Coca-Cola a Jamus bayan yaƙi, ya neme shi, suka zama abokai, ya kuma riƙa taimaka masa da kuɗi. Bayan aikin zuciya da aka yi masa a 1977 ya koma keken guragu. Ya rasu ranar 12 ga Afrilu, 1981, yana da shekara 66. Bisa ƙa'ida bai cancanci a binne shi a maƙabartar sojoji ta Arlington ba, amma Reagan, wanda a lokacin ya zama shugaban ƙasa, ya ɗage masa ƙa'idar. Aka binne shi a can ranar 21 ga Afrilu da cikakkiyar girmamawa ta soja, a kan dutsen kabarinsa kuma aka rubuta muƙaminsa na saje tare da shekarun da ya riƙe kambun duniya.