Abdulkarim, Bajamushen Da Ya Ratsa Ƙasar Hausa Yana Tambaya Yana Rubutawa

Daga Wakilinmu na Arewa

Duk wanda ya buɗe littafin tarihi ya ga an ce mutanen birnin Kano sun kai 30,000 a cikin shekarar 1851, to, ya sani wannan ƙiyasi daga alƙalamin wani baƙo ya fito. Sunansa na yanka Heinrich Barth, amma daga Tarabulus har Tumbuktu da Abdulkarim aka san shi. Ya yi shekara biyar da 'yan watanni yana yawo a Sahara da ƙasashen zafi da ke kudu da ita. Aikinsa shi ne ya san ko su wane ne mutanen kowace ƙasa, su nawa ne, wane harshe suke yi, me suke nomawa, kuma yaushe ruwan sama ke sauka musu.

An haife shi a birnin Hambug na ƙasar Jamus ran 16 ga Fabrairu, 1821. Ubansa ɗan kasuwa ne mai abin hannu, bai ƙi kashe kuɗi a kan karatun ɗansa ba. Yaron ya tashi ba shi da yawan abokai, sai son littattafai da harsuna, har ya soma koyon Larabci tun yana saurayi. Ya shiga Jami'ar Balin, inda ya yi karatu a hannun Carl Ritter, babban malamin ilmin labarin ƙasa na zamanin. Daga 1845 zuwa 1847 ya zaga gaɓar Bahar Rum, ta Tunis da Libiya da Masar da Sham. A wannan tafiya ne 'yan fashi suka ji masa rauni kusa da iyakar Masar, suka kwashe masa takardu.

A 1849 Gwamnatin Ingila ta shirya aika James Richardson ƙasashen Sudan, watau ƙasashenmu na baƙar fata, don ya ƙulla yarjejeniyar ciniki da sarakuna, ya kuma nemi hanyar kashe cinikin bayi. Aka haɗa shi da Jamusawa biyu, Barth da Adolf Overweg. Suka bar Tarabulus cikin Maris, 1850, da raƙuma niƙi-niƙi da kaya, har da wani jirgin ruwa da aka rarraba gida-gida don a shiga Tafkin Chadi da shi.

Saura kaɗan tafiyar Barth ta ƙare tun ba a je ko'ina ba. Kusa da Gat akwai wani dutse mai suna Idinen wanda Buzaye ke cewa gidan aljannu ne. Suka hana shi hawa, ya ƙi ji, ya tafi shi kaɗai. Ya ɓata, ruwansa ya ƙare, ƙishi ya kai shi ga tsaga hannunsa yana tsotson jininsa, sai da wani Buzu ya bi sawu ya tsince shi kwance rai a hannun Allah. Daga ranar nan ya daina raina maganar 'yan ƙasa.

Tun a cikin hamada ya fara koyon Hausa daga bakin fatake da barori, domin ya lura ita ce harshen ciniki har cikin Azbin. Ya ziyarci Agadas cikin Oktoba, 1850, sa'an nan ya biyo ayarin gishirin Bilma zuwa kudu. A Damargu su ukun suka rabu a kan za su haɗu a Kukawa. Barth ya bi ta Tasawa ya iso Katsina, inda Sarki Muhammadu Bello ya tsare shi 'yan kwanaki sai da ya ƙara gaisuwa. Abin da ya ba shi mamaki a Katsina shi ne ganuwa mai kewayen kamar mil 13, amma mazauna cikinta ba su wuce 7,000 zuwa 8,000 ba, domin yaƙe-yaƙen Jihadi da hare-haren Maraɗi sun kori 'yan kasuwa zuwa Kano.

Ran 2 ga Fabrairu, 1851, ya shiga Kano, zamanin Sarki Usman ɗan Ibrahim Dabo. Ya shigo ba ko wuri a aljihunsa, ga masu binsa bashi, ga zazzaɓi. Da ya ɗan ji sauƙi ya hau doki ya zaga unguwanni, ya hau Dala ya zana taswirar gari. A nan ne ya ƙiyasta mazauna birnin 30,000, ya ce daga Janairu zuwa Afrilu, lokacin da ayari ke shigowa, sukan kai 60,000. Ya lissafa Hausawa da Fulani da Barebari da Nufawa da Larabawa, kowa da unguwarsa da sana'arsa. Don a gane nisan da aka yi, ƙidayar 2006 ta ba Jihar Kano mutum fiye da miliyan 9.

Bai tsaya ga yawan kawuna kaɗai ba, ya bi abin da ke ciyar da su. Ya ƙiyasta tufafin da Kano ke saƙawa ta rina ta fitar waje sun kai na wuri miliyan 300 a shekara, ana kai su Murzuk da Gat da Tumbuktu. A lissafinsa wuri 50,000 zuwa 60,000 na isar iyali guda shekara cikin wadata, ke nan kuɗin tufafi kaɗai na iya riƙe gida 5,000. Ya rubuta goron Gwanja, da kanwar Barno mai wucewa Nupe, da takalma da jan fata. Bai kuma ɓoye cewa ana fitar da bayi kamar 5,000 daga Kano kowace shekara ba. Wanda ke zaune a Sabo ko Agege yana sayar da goro ko shanu zai ga cewa fataucin nesa tsohuwar sana'ar kakanninsa ce.

Da ya doshi Barno sai ya ji Richardson ya mutu a Ngurutuwa cikin Maris, 1851. Ya isa Kukawa cikin Afrilu, Shehu Umar da Wazirinsa Alhaji Bashir suka karɓe shi hannu biyu. A nan ya koyi Barbarci, aka kuma ba shi jerin sarakunan Saifawa da littafin Imam Ahmad ibn Fartuwa a kan yaƙe-yaƙen Mai Idris Aloma. Ya lura Tafkin Chadi ruwan daɗi ne, ba shi da tsayayyar gaɓa, yakan cika ya janye gwargwadon damina. Ran 18 ga Yuni, 1851, ya tsaya bakin Binuwai daidai inda Faro ke shiga cikinta. A Yola Lamiɗo Lawal ya sallame shi bayan kwanaki kaɗan, saboda ya zo da takardun Shehun Barno a lokacin da ake jayayya kan iyaka.

Ƙarshen wannan shekara ya bi rundunar Barno zuwa ƙasar Musgu. Ya ga an ƙone garuruwa, an kashe maza, an koro dubban mata da yara cikin bauta, ya rubuta abin da idonsa ya gani ba ragi. Akwai waɗanda suka zarge shi daga baya kan bin irin wannan runduna, amma rubutun nasa na cikin manyan shaidun yadda harin bayi ya rage yawan jama'a a wasu ƙasashe. A Bagarmi kuwa an taɓa sa masa mari, amma a can ne ya sadu da Faki Sambo, wani makahon malami Bafillace wanda ya san littattafan masanan Girka na dā, suka yi ta hira kwana da kwanaki.

Overweg ya mutu a bakin Tafkin Chadi cikin Satumba, 1852. Barth ya rage shi kaɗai, maimakon ya juya gida sai ya nufi yamma. Ya sadu da Sarkin Musulmi Aliyu Babba a 1853, suka ƙulla yarjejeniyar ciniki. Ya zauna a Wurno da Sakkwato yana karanta littattafan Muhammadu Bello da na Abdullahin Gwandu, ya kuma yaba ilmin Malam Abdulƙadir ɗan Tafa ƙwarai. A Gwandu aka ara masa Tarikh al-Sudan, ya kwana uku ko huɗu yana kwafar abin da ya iya. Ya ɗauka Ahmad Baba ne ya wallafa shi, alhali na Abdurrahman al-Sa'adi ne, amma ta hannunsa ne Turai ta fara sanin tarihin daular Songai sosai.

Ya ƙetare Kwara a Sayi, ya shiga Tumbuktu ran 7 ga Satumba, 1853. Sarkin Masina ya aiko a kama shi ko a kore shi domin Nasara ne. Shehu Ahmad al-Bakka'i, babban malamin Ƙadiriyya na zuriyar Kunta, ya tsaya tsayin daka cewa baƙon da ya zo da amana ba a taɓa shi, ya kare shi wata takwas, har ya rako shi Gawo da kansa. Duk da wannan zaman ɗar-ɗar Barth ya ƙiyasta mazauna garin kamar 13,000, ya kuma tattara kalmomin Songai da na Buzanci. A Turai an riga an ba da labarin mutuwarsa. Ya komo ta Sakkwato da Kano da Kukawa, ya isa Tarabulus cikin Agusta, 1855, bayan tafiyar fiye da mil 10,000.

Littafinsa ya fito cikin juzu'i 5 a 1857 da 1858, da Turanci da Jamusanci, shafi wajen 3,500. Cikinsa har da jerin zangon fatake, da sunayen garuruwa, da awon zafi da sanyi da ranakun da aka yi ruwa. Turawa suka ga ya cika tsawo, ba shi da labaran farautar zaki da giwa, bai yi kasuwa ba. Daga 1862 zuwa 1866 aka buga nazarinsa a kan harsuna 9, ciki har da Hausa da Fillanci da Barbarci da Tubanci da Songai, inda ya nuna Barbarci da Tubanci 'yan uwan juna ne. An ba shi muƙamin farfesa a Balin a 1863. Ya mutu ran 25 ga Nuwamba, 1865, da ciwon ciki, yana da shekara 44, bai taɓa aure ba.

Yara biyu da Overweg ya 'yanta sun bi Barth har Ingila, watau Abbega Bamargi da Dorugu Bahaushe daga ƙasar Damagaram. Daga bakin Dorugu ne wani ɗan mishan mai suna J. F. Schön ya rubuta labarai da tatsuniyoyin da suka shiga littafin Magana Hausa na 1885. Abbega ya zama Maigarin Lakwaja a ƙarshen rayuwarsa, Dorugu kuwa ya rasu a Kano a 1912 yana aiki a makarantar Ɗan Hausa ta Nasarawa.

Gaskiya ne don amfanin Ingila aka aiko Barth, kuma ba a cika shekara 50 da komawarsa ba Turawan mulki suka ci ƙasashen da ya bayyana. Amma yawancin abin da ya rubuta daga malamanmu da madugai da barori ya samo shi, domin ya zauna da su ya yi magana da harshensu. Littattafan da aka ara masa a Kukawa da Wurno da Gwandu kakanninmu ne suka rubuta su, kuma irinsu na nan jibge a zaurukan malamai gara na ci. Mu da ke zaman baƙunci a Kudu, yana da kyau mu tambayi kanmu ko mun koyi harshen masu masaukinmu, ko kuwa akwai mai rubuta tarihin zangonmu da yawan mutanensa domin 'ya'yan da aka haifa a nan.