Evarts Graham: Likitan da Ya Cire Huhu Ɗungurungum

An haifi Evarts Graham a birnin Shikago na Amurka a 1883, ɗan wani likitan tiyata. Ya yi jami'ar Princeton, ya gama karatun likita a kwalejin Rush a 1907. Lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, sojoji suna ta mutuwa saboda mugunya da ke taruwa a ƙirji, likitoci kuma suna saurin farke ƙirjin don su fitar da ita. Graham ya nuna cewa saurin ne ke kashe mutane, don iska na shiga ta murƙushe huhun marar lafiyar da dama numfashi ke gagara. Da aka koma zuƙe ruwan da allura, a jinkirta yankan, sai mace-macen suka ragu ƙwarai. A 1919 ya zama shugaban sashen tiyata a jami'ar Washington da ke St. Louis.

To, ga inda matsalar huhu take. Hoton ƙirji inuwa kawai yake nunawa. Wannan inuwa tana iya zama ciwon daji, ko tabon tsohon tarin fuka, ko wani ƙari da ake kira hamatoma, dunƙulen guringuntsi da kitse wanda ba ya yaɗuwa. Ka yanke huhun mutum a kan ƙari irin wannan, ka cuce shi. Ka bar ciwon daji da zaton ba komai ba ne, ka kashe shi. Kuma fa a zamanin babu na'urorin hoto na kwamfuta. Sai dai a zura bututu ta maƙogwaro, a gutsuro tsokar, a duba ta a madubin likita.

Haka aka yi wa Dokta James Gilmore, likitan haihuwa daga Pittsburgh, aka tabbatar ciwon daji ne. Ranar 5 ga Afrilu, 1933, Graham ya buɗe ƙirjinsa da niyyar yanke sashe ɗaya na huhun hagu. Sai ya tarar ciwon ya kai gindin hanyar iska. Nan take ya cire huhun baki ɗaya, abin da ba a taɓa yi wa mai ciwon daji a zama ɗaya ya rayu ba. Gilmore ya tashi, har ya koma bakin aikinsa.

A 1938 shi da Nathan Womack suka yi rubutu a kan ƙarin hanyar iska da ake kira adenoma, wanda likitoci da yawa ke ɗauka ba shi da haɗari. Su kuwa suka ce a yi hattara, yana iya rikiɗa. Yau akasarin waɗannan ana lissafa su cikin ciwon daji mai tafiyar hawainiya.

Abin mamakin, mutumin nan mashayin sigari ne na gaske. Da wani ɗalibi, Ernst Wynder, ya zo masa da zancen wai sigari ke jawo ciwon, bai gamsu ba, amma ya bar shi ya yi binciken. Malamai nawa ne za su yi haka? A 1950 suka buga sakamakon nazarin marasa lafiya 684, wanda ya gaskata ɗalibin. Graham ya daina sha, sai dai bakin alƙalami ya riga ya bushe. Ciwon dajin huhu ya kashe shi ranar 4 ga Maris, 1957. Gilmore, mai huhu ɗaya, bai rasu ba sai 1963.