Marigayi Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa: Malamin Makaranta Kafin Mulki

Jama'a, kusan kowa a cikinmu ya san hoton da ke jikin takardar naira biyar, amma yaranmu da aka haifa a nan Kudu kaɗan ne suka san cewa mai hoton malamin makaranta ne, kuma marubucin Hausa, tun kafin a san shi a siyasa.

An haifi Malam Abubakar a shekarar 1912 a garin Tafawa Ɓalewa. Bayan karatun allo da elimantare, ya shiga Kwalejin Katsina a 1928, ya fito a 1933, ya komo Midil ta Bauchi yana koyarwa. Ita ce makarantar Lardin Bauchi duka, saboda haka can ake kai yaran ƙasar Katagum, har da na Azare, in sun gama elimantare. Ke nan mu ma muna da rabo a cikin aikinsa. Daga baya ya zama hedimasta, a 1945 kuma aka tura shi Landan ƙaro ilmin koyarwa.

A zamanin nan 'yan makaranta ba su da isassun littattafan hira da Hausar boko. Shi ya sa a 1933 Rupert East na Hukumar Fassara ta Zariya ya shirya gasar rubuta labari. Cikin littattafan da aka buga akwai Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Malam Abubakar, wanda a lokacin bai fi shekara 22 ba.

Labarin wani yaro ne, Umar, da aka sace yana ƙarami, ya faɗa hannun wani Balarabe mai suna Abdulkarim, wanda ya ƙetara hamada da shi, ya riƙe shi kamar ɗa, ya sa shi karatu har ya zama shaihi. Mahaifiyarsa ta bi sawunsa, ita ma aka bautar da ita, ba su sadu ba sai dab da rasuwarta. A ƙarshe Umar ya komo ƙasar Hausa yana karantarwa. Mu da fatauci ya raba da gida, ai ba sai an fassara mana wannan ba. An juya littafin zuwa Turanci a 1967, aka yi fim ɗinsa a 1976.

Sauran tarihin sananne ne. Ya zama Firayim Minista a 1957, ya karɓi 'yancin Nijeriya ran 1 ga Oktoba, 1960, sojoji suka kashe shi a juyin mulkin Janairu 1966. Kabarinsa na Bauchi.

To, ga mutumin da har Turawa ke yaba Turancinsa, amma da ya tashi yi wa yara rubutu da Hausa ya yi. Mu fa? Yaranmu na jin Yarbanci da Turanci, wannan ba laifi ba ne, amma da yawa ba sa iya karanta wasiƙar Hausa. Don Allah duk mai zuwa gida ya sayo Shaihu Umar tare da tsaraba, malaman Islamiyyarmu kuma su ware ko da awa ɗaya a mako don karatun Hausa da rubuta ta.

Allah Ya jiƙan Malam Abubakar, Ya sa Aljanna ce makomarsa, amin.