Rayuwar Likita Mila na Wusasa (1872–1952)

Gabatarwa

Duk mai nazarin tarihin rubutun boko a ƙasar Hausa ba zai rasa cin karo da sunan Dakta Walter Miller ba, wanda Zagezagi suka fi sani da Likita Mila. Galibi akan ambace shi ne saboda aikin fassara. Amma akwai wani ɓangare na rayuwarsa da ya kamata malamin gobe ya sani, wato renon marayu, domin ta nan ne aikinsa ya fi barin tasiri.

Haihuwarsa da Karatunsa

An haifi Mila a shekarar 1872 a yankin Devon na ƙasar Ingila. Ya yi karatun likita a Asibitin St. Bartholomew da ke Landan, daga nan ya shiga ƙungiyar mishan ta C.M.S. ta cocin Angilika. Da yake ƙasar Hausa ya nufa, sai aka fara tura shi Tarabulus domin ya koyi harshen a wurin fatake da alhazai. A can ya gamu da wani yaro Bahaushe, Abdulmajid Tafida, wanda mahaifinsa ya rasu a kan hanyarsu ta zuwa Makka. Mila ya ɗauki ɗawainiyarsa, yaron kuma ya taimaka masa wajen koyon Hausa. Wannan shi ne maraya na farko da ya riƙa.

Zuwansa Ƙasar Hausa

A shekarar 1900 Mila ya shigo ƙasar Hausa cikin ayarin mutum biyar, ƙarƙashin jagorancin Bishop Tugwell. Sun isa Kano, amma Sarki Alu bai yarda su zauna ba, sai suka juyo zuwa Girku a ƙasar Zazzau, inda ɗaya daga cikinsu ya rasu. A 1905 ne Mila ya sami izinin zama a cikin birnin Zariya. Nan ya buɗe ɗakin shan magani da ƙaramar makaranta.

Burinsa na farko shi ne ya ilmantar da 'ya'yan sarakuna da na malamai. Wannan buri bai cika ba, domin iyaye na tsoron kada a raba 'ya'yansu da addininsu. Saboda haka da yawa daga cikin yaran da suka cika gidansa marasa galihu ne, wato marayu da waɗanda aka kuɓutar daga bauta. Shi ke ciyar da su, ya tufatar da su, ya yi musu magani, ya kuma koya musu karatu da Hausa da Ingilishi.

Annobar Gimi

A 1913 wasu daga cikin Isawa suka zo wurin Mila. Su Isawa almajiran wani Malam Ibrahim ne da aka kashe a Kano a ƙarni na 19, saboda matsayin da ya ba Annabi Isa a cikin wa'azinsa. Waɗanda suka karɓi Kiristanci daga cikinsu sun kafa mazauni a Gimi, cikin ƙasar Zazzau, suka yi gonaki da makaranta da coci. Ba a yi shekaru da yawa ba ciwon barci, wanda ƙudan tsando ke yaɗawa, ya faɗa wa garin. Mutane suka yi ta mutuwa, aka bar marayu da matan da suka rasa mazajensu, har dai garin ya watse. Waɗanda suka tsira aka kwaso su zuwa Zariya, nauyinsu ya hau kan mishan. Waɗannan su ne tushen jama'ar da ta koma Wusasa a 1929, lokacin da aka fitar da mishan daga cikin ganuwa. A can aka gina coci da makaranta da asibiti.

Saɓani da Masarauta

Mila mutum ne mai kafiya, ba ya ɓoye abin da ke ransa. Ya sha kai ƙarar Sarkin Zazzau Aliyu Ɗansidi, mawallafin Waƙar Diga, ga Turawan mulki bisa zargin cinikin bayi, kuma ƙorafinsa na cikin abubuwan da suka jawo aka tuɓe sarkin aka kai shi Lokoja. Wannan ya ƙara nesanta shi da jama'ar birni. Haka kuma Musulmi da yawa sun ɗauki renon da yake yi a matsayin hanyar sauya wa yara addini, shi kuma bai taɓa ɓoye cewa bishara ce ta kawo shi ba. Su ma jami'an mulkin mallaka ba su cika jin daɗinsa ba, domin yakan soki yadda suke tafiyar da mulki ta hannun sarakuna.

Gudummawarsa

Mila shi ne jigo a fassarar Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa, wanda aka buga a 1932. Daga jama'ar Wusasa aka sami Dakta R. A. B. Dikko, likitan farko ɗan Arewa kuma shugaban farko na Jam'iyyar Mutanen Arewa, da Farfesa Ishaya Audu, ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello, daga 1966 zuwa 1975. Janar Yakubu Gowon ma a Wusasa ya tashi. Mila ya ajiye aiki da C.M.S. a 1935, ya rasu a ƙasar Jos a 1952.

Kammalawa

Mila ya zo ne da nufin jawo manyan gari, amma bai samu ba. Yaran da ba su da gata, su da zuriyarsu, su ne suka ɗaukaka sunan Wusasa. Wannan darasi ne ga malami: maraya da ke zaune a ƙarshen aji na iya zama likitan gari, in ya sami mai kula da shi. Sai dai Hausawa kan ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, don haka riƙon ɗan wani amana ce mai nauyi. Duk wanda ya taimaki yaro ba tare da ya sami amincewar danginsa da al'ummarsa ba, to zargi zai bi alherinsa.